Kafiretar da Ba Ta da Laifi

Duk wanda ya taɓa kawo mota ƙarƙashin bishiyar maina da ke bayan tashar Birnin Kudu ya san ni da abu biyu: gyaran kafireta da rashin haɗiye magana. Sabo Kafireta ake kirana. Direba ya zo mini da shirme, a gaban fasinjojinsa zan wanke shi tas, in ya ga dama ya yi fushi, gobe zai dawo. Mutum ɗaya ne a duniya in yana wuri harshena yake naɗewa, shi ne mahaifin matata Hadiza. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, Baba Alhaji nake ce masa. Mutumin Farin Dutse ne a ƙasar Gwaram, tsohon direba, kuma Hadiza ce 'yarsa ta fari, don haka kunyar ta ninku. Ko gyaɗa ban taɓa ci a gabansa ba. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Malam".

Shi ya nemo mini aiki a Agadas. A lokacin sana'ata tana mutuwa a hannuna, motocin da ake shigowa da su duk babu kafireta a jikinsu, sai in wuni a zaune ina gyangyaɗi. Baba Alhaji yana da tsohon amini a can, Alhaji Agali, mai gareji da tsofaffin jif na shiga sahara, yana neman babban bakanike. Aka shirya Baba Alhaji zai kai masa tasa tsohuwar jif ɗin mai jan ƙafa huɗu, wadda ya laƙaba wa suna Dattijuwa, ni kuma in bi shi. Alhaji Agali zai tare mu a Damagaram ya ga aikina a hanya da idonsa. In ya gamsu, gareji ya dawo hannuna, har da ɗakin da zan ɗauko Hadiza da yara.

A Damagaram muka same shi a ƙofar masauki, dogon Buzu, ya naɗe fuska da rawani, idanu kaɗai ake gani. Yana tare da yayarsa, wata tsohuwa, Inna Fati, da ya kawo aka yi mata aikin ido, ɗaya idon nata a rufe da auduga. Da aka gama gaisawa, Baba Alhaji ya nuna ni da haɓa.

"Ga shi nan, Alhaji. Wannan da kunne yake gyara. Mota ta yi tari sau ɗaya, zai gaya maka ciwonta."

Na sunkuyar da kai, amma a zuci daɗi kamar ya kashe ni.

Tun daga gida tsumma ne cushe a bakin tankin Dattijuwa, don murfinta ya ɓata tun kafin in auri Hadiza. Ashe abin yana cin Baba Alhaji a rai, ba ya so ya miƙa wa amininsa mota da tsumma a baki. Da muka sha mai za mu bar gari, sai ya zare tsumman ya yar, ya ciro wani abu daga aljihun babbar riga. Murfi ne ya haɗa da hannunsa. Ya sassaƙa icce, ya naɗe shi da roba, ya kai wa baduku ya lulluɓe kan da jar fata. Ya danna shi da tafin hannu ya zauna daram.

"Alhaji, duba nan. Yashin ƙasarku bai isa ba. Wannan ko iska ba ta shiga!"

Alhaji Agali ya shafa fatar ya yaba. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji maganar, ta shiga ta nan ta fita ta nan.

Ba mu yi wani nisa a hanyar Tanut ba Dattijuwa ta fara shaƙewa. Baba Alhaji ya taka totur, ta yi kamar za ta ɗauka, ta yi tari, ta mutu. Har da murna na diro, na ce ga damar nuna kaina ta zo da wuri. Na ɗaga bonet, na buɗe kafireta, na ga kwanon da mai ke taruwa a ciki a bushe. Na ce datti ne. Na kwance jet, 'yar ƙusar nan mai huji da mai ke bi ta ciki, na hura da baki, na ɗauraye da fetur. Sannan na yi abin da kowane bakanike a garinmu yake yi ba tare da tunani ba: na zare tiyon da ya taho daga tanki na hura iska a ciki, don in ji ko a toshe yake. Ya karɓi iskar salin-alin. Na mayar da komai, aka murza makulli, ta ɗan yi gardama ta tashi.

"Na gaya maka," in ji Baba Alhaji.

Can gaba ta sake mutuwa. Na ce matatar mai ce, na wanke, na hura tiyo, ta tashi. Ta sake. Na ce famfon mai ne, na farke shi, lafiyarsa ƙalau, na hura tiyo, ta tashi. Haka muka yi ta yi a tsakiyar bazara, ƙarfe ba ya taɓuwa don zafi, leɓena duk ya tsattsage da fetur. Tun Baba Alhaji yana cewa "na gaya maka" har ya daina. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi a kan wannan shirun.

Ga kuma yunwa. In an tsaya cin abinci, inuwa ɗaya ce, ta motar, tire kuma ɗaya. Baba Alhaji ya kan ce, yana kallon wani wuri, "Malam, ɗebi naka ka koma can." To ina can ɗin? A gida akwai zaure, akwai katanga, akwai gindin kuka. Nan fili ne fetal, duk inda na tsuguna yana hango bakina. Sai in ce alhamdu lillahi na ƙoshi, in shige ƙarƙashin mota ina taɓe-taɓen banza, cikina yana kuka.

Inna Fati ce ta gane, da idonta ɗaya. A wani tsayawa ta buɗe ƙofar baya, ta rataya mayafinta daga ƙofar zuwa jikin mota, ta yafito ni.

"Zo nan, ɗana. Mu ma a wurinmu namiji ba ya buɗe baki gaban surukinsa. Zauna ka ci, ba mai ganinka."

Ta tura mini dabino da busasshen cuku da ruwa a kofin silba. Na ci hannu baka hannu ƙwarya, ina jin kunyarta ita ma, ƙato da ni ana yi mini labule.

Tafiyar da ake yi kafin azahar sai bayan la'asar sakaliya muka shiga Tanut. Na koma gefe na kira Hadiza. Ta ce an yi ruwan farko a ƙauyenmu Unguwar Ya, mahaifiyata ta aiko a gaya mini an fara shuka a gonarmu. Sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hancina, ni da ke tsaye a inda ko gajimare babu. Ta ce yara sun gama gaya wa maƙwabta za su koma Agadas. Ta ce, "Yaya sabon maigidan naka, ya yaba da aiki?" Na ce mata layin ba kyau, ba na jin ta sosai.

Da safe na shimfiɗa buhu, na sauke kafiretar gaba ɗaya, na warware ta ƙusa-ƙusa. Na san ta tun tana hannun Baba Alhaji a hanyoyin kasuwar Dingaya, ta asali ce, irin wadda ba a samu yanzu. Na duba allura, na duba jet, na duba komai. Ba abin da ya same ta. Alhaji Agali yana tsaye a kaina, na ɗago na ce, "Alhaji, kafiretar nan lafiyarta ƙalau."

Ya daɗe yana kallona ta saman rawani. "To motar ce ke ƙarya?"

Daga ranar ya daina ce mini bakanike, in zai yi magana a kaina sai ya juya harshe da yayarsa.

Da rarrafe muka kama hanyar Adarbisanat. A bakin garin sai Dattijuwa ta mutu, na miƙa hannu zan buɗe ƙofa, Alhaji Agali ya ce, "Bari. Ya isa haka." Aka tura ta har tasha. Nan wani bakanike ya ɓullo, Sallau, gajere mai zaƙin baki, rigar aikinsa fes ba ɗigon baƙin mai. Bai ko sunkuya ba ya ce kafireta ta mutu, amma an yi sa'a yana da sabuwa dal. Ya kawo ta a kwali. Kallo ɗaya na yi mata na san tsohuwa ce aka fesa wa fenti, kawunan kusoshinta duk sun cinye.

Na ce, "Wannan ai fenti ne."

Sallau ya juya wajen 'yan tasha. "Jama'a ku ji oga ɗan Najeriya. Tun daga Damagaram yake busa tasu kamar algaita, ita ce bai gane ba, tawa ya gane!"

Aka kwashe da dariya. A gida da na yi masa wankin da sai ya bar garin, amma ga Baba Alhaji a tsaye, kuma da wane bakin? Aka yi ciniki, Sallau ya ce tsohuwar za ta zauna a wurinsa. Ina ji ina gani ya kwance lafiyayyar kafireta ya tura ƙarƙashin bencinsa.

Tunda an kore ni daga bonet, sai na zagaya baya inda Baba Alhaji zai ƙara mai daga jarka. Duk tafiyar nan shi kaɗai yake wannan aikin, ba ya bari kowa ya taɓa masa murfi, ni kuma kullum kaina yana cikin inji. Na ɗauki mazurari na tsaya. Ya ja murfin, ya ƙi fita. Ya sa hannu biyu, ya dafe taya da ƙafa, ya fizge. Sai na ji tankin ya ja wani dogon numfashi, fuuuu, ƙarfensa ya yi ɓam ya miƙe.

Inna lillahi! Tanki sai iska ta shiga mai yake fita. Siririn bututun da na Dattijuwa yake numfashi ta cikinsa, na sani sarai mai walda ya liƙe shi tun shekarar da aka yi wa tankin faci. Tsumman nan da aka yar a Damagaram shi ke ba ta iska. Duk lokacin da na hura tiyo, ba gyara nake ba, iska nake ɗura wa tanki da bakina, ta yi tafiya har iskar ta ƙare. Ni Sabo, mai gyara da kunne, an faɗi ciwon a gabana da babbar murya ban ji ba.

Mutanen tasha sun jiyo ƙarar sun matso. Wani dattijo ya karɓi murfin yana juya shi, yana yaba ɗinkin. Baba Alhaji, da fuskarsa take a murtuke tun jiya, sai ga shi ya washe. Abu ɗaya da ya rage masa na tinƙaho a tafiyar nan ke nan.

"Kun ji ko? Da hannuna na yi shi. Ko iska ba ta shiga!"

Magana ɗaya ce tsakanina da garejin Agadas. In ce a mayar da tsohuwar kafireta, a bar tankin a buɗe, a gani. Alhaji Agali yana nan, Sallau yana nan. Na buɗe baki. Amma na san abin da zai biyo baya. Dariyar da aka yi mini ɗazu za ta koma kan tsohon da ya yi tuƙi tun ba a haifi rabinsu ba, a gaban amininsa, a ƙasar da ba tasa ba, kuma daga bakin mijin 'yarsa.

Na ce, "Baba."

"Na'am, Malam?" Ya juyo ya dube ni, murfin a hannunsa.

Na ce, "A kawo jarkar in zuba."

Da aka kira azahar kowa ya nufi masallaci, na ce zan tsare kaya in yi tawa daga baya. Na zare murfin, na toshe bakin tanki da hulata, na ari basilla wajen wani mai ɗinkin buhu, na je na tsuguna gaban garwashin mai shayi. Na ɗaga gefen jar fatar, na yi ta gasa basillar ina cusawa har ta huda iccen ta ɓulla. Na kwantar da fatar a kai yadda ba za a gani ba. Ina mayar da shi na ɗago, sai ga Inna Fati a kujerar baya tana kallona ta taga.

Ta gyara audugar idonta ta ce, "Ni ban ga komai ba, ɗana. Idona ciwo yake."

Daga Adarbisanat har Agadas Dattijuwa ba ta sake mutuwa ba. Tana ta baƙin hayaƙi, tana shan mai kamar ba gobe, don kafiretar Sallau ruɓaɓɓiya ce, amma dai tana tafiya. Sallau kuwa ya ce zai raka mu don ya tabbatar da aikinsa, aka ba shi kujerata, ni na koma baya kan buhuna. Duk sanda muka haye wani tudu sai ya waiwayo ya ce, "Oga, ka ji aiki?" In ce na ji.

A Agadas Alhaji Agali bai wulaƙanta ni ba, ya ba ni wurin kwana. Amma gareji Sallau aka damƙa wa. Ni aka ce in ina so in zauna ina wanke kayan inji a ƙarƙashinsa. Aka saya wa Dattijuwa murfin ƙarfe a kasuwa, Baba Alhaji ya mayar da nasa aljihu. Ranar da zai hau motar gida na raka shi tasha ɗauke da jakarsa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Malam, Allah bai nufa ba." Na ce haka ne, Baba.

Na ƙi bin sa, don ban san da wace fuska zan shiga Birnin Kudu ba. Na yi damina a can, in dai za a kira wannan damina. Hannuna kullum cikin kananzir, yaran gareji suna kirana Mai Algaita. In Hadiza ta tambaya yaushe za su taho, in ce ana gyaran ɗaki. Inna Fati takan aiko mini da tuwo ranar Juma'a, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Rannan sai ga Sallau ya fito da kafiretar Dattijuwa ta asali, ya goge ta, yana sayar wa wani direba yana rantsuwa ba ta taɓa ciwo ba. Kai! Abin da na haɗiye wata da watanni ya taso. Na wanke shi a gaban masu motoci, na kira shi ɓarawo da sunansa. A ranar na naɗe tabarmata.

Sai da na daidaici magariba na shiga gari, ta bayan layi. Washegari na lallaɓa gindin maina don in kwashe akwatin ƙarafana kafin idon sani ya yi yawa. Me zan gani? Tsofaffin a-kori-kura da jif na kasuwannin ƙauye sun yi layi. Wani direban Dingaya, Ɗanlami, ya taso da gudu.

"Sabo, ina ka shige? Tun da aka ce ka baro can muke sintiri a nan. Ai surukinka ya hana kowa sakat. Duk tashar da ya zauna sai ya zaro wani jan murfi ya ba da labari, wai shi ya shaƙe mota a sahara da hannunsa, kai ka gano, ka rufa masa asiri ka rasa aikinka. Ya ce duk mai kafireta in bai kawo maka ba ya cuci kansa." Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yanzu fa a tashar Gwaram Alhaji Ko-Iska yara suke ce masa."

Na nemi wuri na zauna a kan wata tsohuwar taya. Abin da na bar aiki don in rufe, ga shi tsoho ya ɗauka yana yawo da shi tasha-tasha.

Ko sifana ban taɓa ba na hau mota zuwa Farin Dutse. Na same shi a zaure shi kaɗai. Na cire takalmi tun daga waje, na tsuguna daga bakin ƙofa, na gaishe shi kaina a ƙasa. Ya amsa. Can sai ya ajiye murfin a kan tabarma, ya ɗage fatar da ɗan yatsa, hujin yana kallona, gefensa baƙi da ƙuna.

"Jarkar kananzir na toshe da shi," ya ce. "Ta karkace, na ga yana ɗiga. Na duba na ga wannan. Na daɗe a zaune a nan kafin in iya tashi. Na kira Agali na gaya masa, ya ce wuri ya riga ya bayar. Me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Baba, akwai mutane."

"Akwai mutane," ya maimaita a hankali.

Aka yi sallama daga cikin gida, aka turo kwanon tuwo da miyar kuka. Ya jawo kwanon da kansa ya ajiye a gabana, ya buɗe. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya zura takalmansa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ba ni baya.

"Sabo," ya ce, "ci abinci. Na fita."

Ya bar mini zauren ni kaɗai, bango ta ko'ina, ba mai ganin bakina. Na wanke hannu, na gutsuri tuwon. Wallahi lomar nan ta ƙi wucewa.